Neman Izinin Amfani Da Na'urar Gano Ƙarfe A Filayen Shaƙatawa Na Ingila

A watan Agustan 1992 wani mutum mai suna Ian Fletcher ya shiga filin shaƙatawa na Farnham, a lardin Surrey da ke kudancin Ingila, riƙe da na'urarsa ta gano ƙarfe. Na'ura ta yi ƙara, ya tona kamar inci 9, sai ga abin ado na zinariya irin wanda ake maƙalawa a riga, mai shekaru ɗaruruwa. Bai ɓoye ba, ya kai rahoto ga hukuma. Duk da haka ƙaramar hukumar Waverley, wadda filin ke hannunta, ta ce nata ne, aka tafi kotu. A 1995 kotun ɗaukaka ƙara ta ba ƙaramar hukumar gaskiya. Hujjar alƙalai ita ce abin da ke cikin ƙasa na mai ƙasar ne, kuma an buɗe filin ne don yawo da wasa, don haka wanda ya sa shebur ya tona ya wuce iyakar abin da aka yarje masa. Fletcher ya ce bai san an hana ba. Wannan bai cece shi ba.

Har yau a kan wannan hukunci ake tafiya a Ingila da Wales. Mutanenmu da suka san wannan na'ura a hannun masu neman zinariya a Djado ko a hamadar Sudan, in sun zo Birtaniya karatu ko aiki, za su tarar da ita a nan abin sha'awa ce ta ƙarshen mako, ana sayar da ita a fili, ba a neman lasisi kafin a mallake ta. Wurin da za ka kunna ta shi ne magana. Kalmar "filin jama'a" tana yaudarar mutane da yawa, su ɗauka fili ne marar mai shi. Babu taƙin ƙasa ko ɗaya a Ingila da ba shi da mai shi, kuma rashin ganin allon hani a bakin ƙofa ba izini ba ne.

Wane ne mai filin?

Aikin farko kenan, kuma a nan mafi yawa suke tuntuɓe. Ƙananan hukumomin Ingila hawa-hawa ne: akwai majalisar ƙauye ko ta gari, akwai ta gunduma, akwai ta lardi, kuma a gari ɗaya za ka iske fili uku a hannun hukuma uku. Wani filin ma ba na hukuma ba ne sam, na wata ƙungiyar amintattu ne, ko na coci, ko na kamfanin da ya gina unguwar. Fara da allon bakin ƙofa, galibi akwai tambarin mai kula da wurin a ƙasa. In babu, ofishin rajistar filaye, wato HM Land Registry, yana ba da takardar da ke nuna sunan mai fili ta intanet a kan kuɗin da bai kai fam 10 ba.

Mai yankan ciyawa ba shi ne mai fili ba. Haka mai gadi, haka kulob ɗin ƙwallon da ke hayar wurin. In ɗaya daga cikinsu ya ce maka "ba komai, je ka yi", ka gode masa, amma kada ka kunna na'ura a kan maganarsa. Ran da aka tsare ka, shi ba zai tuna ya faɗa ba, ko da ya tuna kuma ba shi da hurumin bayarwa. Inda fili ke hannun ɗan haya, izini biyu kake buƙata, na mai shi da na mai haya.

Da ka gano hukumar, nemi dokokinta na filayen shaƙatawa. Da yawa daga cikinsu sun ɗauko salo ɗaya ne daga samfurin da gwamnati ta tsara, kuma a ciki akwai sakin layin da ya hana amfani da duk wata na'urar gano ƙarfe ko ma'adini a cikin ƙasa sai da yardar majalisa. Tarar karya irin wannan doka tana iya kaiwa fam 500. Ka lura da kalmar "sai da yardar majalisa", domin ita ce ƙofarka: inda aka rubuta haka, akwai wanda ke da ikon cewa e. Wasu hukumomin kuma babu zancen na'ura a dokokinsu, amma akwai hanin tona ƙasa ko cire ciyawa, wanda duk ɗaya ne a wurinka. In ka duba shafin hukumar ba ka ga komai ba, kana da damar tambaya a rubuce ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2000, dole su amsa cikin ranakun aiki 20.

Wuraren da ba sai ka ɓata tawada ba

Akwai wuraren tarihi kusan 20,000 a Ingila da aka sa cikin jerin kariya ƙarƙashin dokar 1979 ta tsoffin wurare. Sashe na 42 na dokar ya mai da kunna na'ura kawai a irin wannan wuri laifi, ko ba ka tona ba, sai da takardar hukumar kula da wuraren tarihi, Historic England, wadda ba a ba mai yi don sha'awa. Abin da ke kama mutane shi ne wani lokaci ɗan tudu ne ko rami a tsakiyar filin da yara ke wasa, babu shinge babu alama. Ko ƙaramar hukuma ta ba ka izinin filin gaba ɗaya, izininta bai rufe wannan yanki ba. Duba jerin Historic England da taswirar gwamnati mai suna MAGIC, dukansu kyauta ne, ka ga inda aka shata. A taswirar za ka kuma ga wuraren da aka keɓe saboda tsirrai da namun daji, waɗanda tono a cikinsu ke buƙatar amincewar hukumar kare muhalli ta Natural England.

Filayen sarauta takwas na Landan, irin su Hyde Park da Richmond da Greenwich, suna da dokarsu daban, kada ka sa rai. Ƙungiyar National Trust, mai kula da tsoffin gidaje da filaye da yawa, ba ta ba da izini sai ga aikin bincike da masana ke jagoranta. Filayen ma'aikatar tsaro kuwa, ban da doka, akwai harsasan da ba su fashe ba. Maƙabarta da harabar coci, wannan ba sai an faɗa ba.

Abin da za ka tanada kafin ka rubuta

Jami'in kula da filaye ba zinariyarka ce damuwarsa ba. Abu biyu yake tsoro: wani ya taka ramin da ka bari ya karye ya kai hukuma ƙara, da kuma koke-koken mazauna unguwa cewa an ɓata ciyawa. Duk shirinka ya tafi a kan kwantar masa da hankali game da waɗannan biyun.

Na farko inshora. Ƙungiyar masu wannan harka ta ƙasa, NCMD, tana ba mambobinta inshorar da ke biyan diyya har fam miliyan 10 in aikinsu ya jawo wa wani rauni ko asara, kuma kuɗin rajistar shekara bai taka kara ya karya ba. Wasiƙar da babu kwafin katin inshora a cikinta, da wuya a karanta ta har ƙarshe. Na biyu, karanta ƙa'idojin aiki na 2017 na masu amfani da na'urar a Ingila da Wales, shafuka kaɗan ne, ka ambace su a wasiƙarka. Na uku, nemi sunan jami'in karɓar rahoton kayan tarihi na yankinka. Shirin rubuta kayan tarihin da jama'a ke samu, wato Portable Antiquities Scheme, wanda aka fara a 1997 kuma gidan tarihi na British Museum ke tafiyar da shi a Ingila, yana da irin waɗannan jami'ai a faɗin ƙasar, kuma faɗin cewa ka riga ka tuntuɓi na yankinku yana nuna kai ba ɗan sari-ka-noƙe ba ne.

Wasiƙar kanta

Aika ta ga sashen kula da filayen shaƙatawa. In majalisar ƙauye ce, ga magatakarda, shi zai sa ta cikin ajandar zama na gaba, kuma da yawansu sau ɗaya suke zama a wata, don haka sai da haƙuri. Zaman a buɗe yake ga kowa, kuma zuwa da kai ya fi aike: mutumin da aka ga fuskarsa ya tashi ya yi bayanin minti uku ya fi wahalar a ce masa a'a.

Babban kuskure shi ne neman "izinin duk filayen garin". Wannan amsarsa a shirye take tun kafin a gama karantawa. Nemi fili ɗaya, a cikinsa ma yanki ɗaya, ka zana shi da jan biro a kan taswira ka haɗa. Da bakinka ka cire filin ƙwallo, da wurin wasan yara, da gadajen furanni, da gindin manyan bishiyoyi, da kewayen dutsen tunawa da sojoji, tun kafin su ce ka cire. Faɗi ranaku da lokaci, misali safiyar ranakun aiki kafin ƙarfe 9, lokacin da babu jama'a. Faɗi kayan tonon da za ka riƙe, da iyakar zurfin da ba za ka wuce ba, kamar santimita 10 zuwa 15. Nemi izinin gwaji na wata 3, ba na dindindin ba, ka ce suna iya janye shi duk ranar da suka ga abin da bai yi musu ba. Ka yi alkawarin kwashe duk ƙusa da gwangwani da fasasshen ƙarfe da ka tono, wannan yana da nauyi a wurinsu fiye da yadda kake zato, domin irin tarkacen ne ke lalata wuƙar injin yankan ciyawa kuma ya yanke ƙafar kare. Shafi ɗaya ya isa. Kada ka kawo zancen dukiya ko arziki ko sau ɗaya.

In mako uku ya wuce shiru, tuntuɓa sau ɗaya cikin ladabi. A wajenmu akan ce shiru ma amsa ce, to a nan amsar ita ce ba a ba ka ba. Wasu hukumomin suna da fom na musamman da ɗan kuɗi na shekara, wasu sun rufe ƙofar gaba ɗaya da ƙudurin majalisa, kuma gaskiyar magana waɗanda ke cewa a'a suna da yawa, musamman a manyan birane. Jami'in da ya ƙi, galibi ba shi ya yi dokar ba, jayayya da shi ba ta sauya komai.

Idan an amince, ka tabbata takardar ta ƙunshi sunanka, da sunan filin da iyakar yankin, da ranar farawa da ta ƙarewa, da sunan jami'in da muƙaminsa. Saƙon imel daga adireshin hukuma ya wadatar. Buga shi a takarda ka sa a leda cikin aljihu tare da katin inshora, domin ba kowane mai gadi ne ya san da zancen ba, kuma maƙwabci na iya kiran 'yan sanda da ya hango ka da shebur.

Na wa ne abin da aka tono?

A warware wannan a rubuce tun kafin a fara. In takardar ba ta ce komai ba, komai na hukumar ne, har kwabon da bai kai komai ba, kamar yadda shari'ar Farnham ta nuna. Yawancin yarjejeniyoyi sukan ce abin da darajarsa ta gaza wani adadi naka ne, abin da ya haura a raba biyu, ko kuma hukumar ta ce duk kayan tarihi za su tafi gidan tarihin garin. Karɓi abin da aka ba ka, amma ka san shi.

Abin da ke kwance a saman ƙasa hukuncinsa daban ne. A wata shari'a ta farkon shekarun 1980, fasinjan da ya tsinci munduwar zinariya a ɗakin jira na filin jirgin Heathrow ya yi nasara a kan kamfanin jirgin, saboda a ƙasa take a yashe, ba a binne ba, kuma mai ita bai bayyana ba. Sai dai wannan bai ba ka zoben aure ko wayar da ka tsinta a fili ba. Mai su na nan da ransa, kuma dokar sata ta 1968 tana iya hawa kan wanda ya riƙe tsintuwa bai yi ƙoƙarin neman mai ita ba. Wanda ya tashi a inda ake cigiya a masallaci da kasuwa ba baƙon wannan ba ne. Kai wa ofishin filin, ka karɓi shaida a rubuce.

Tonon da ba ya jawo a janye izini

Kusan duk izinin da aka janye, a kan rami aka janye shi. Kayan aiki huɗu ne: na'urar, da ƙaramar na'urar hannu mai nuna daidai inda ƙarfe yake, da ɗan shebur na hannu, da ƙyalle ko leda mai kauri. Babban shebur mai dogon ƙota na gona ne, a filin shaƙatawa kallo ɗaya za a yi masa a ɗauki waya.

Da na'ura ta yi ƙara, ratsa wurin daga gabas zuwa yamma, sannan daga kudu zuwa arewa, inda layukan biyu suka haɗu nan ne tsakiya. Yanka ciyawar kamar kofaton doki, gefe uku, faɗin tafin hannu, ka bar gefe ɗaya a manne. Sa shebur a tsaye ya shiga kamar santimita 8 zuwa 10 don saiwoyi su taho da ƙasarsu, sai ka kifar da yankin kamar murfin tukunya. Duk ƙasar da ka ƙara fitarwa a kan ƙyalle za ta sauka, ba a kan ciyawa ba, in ba haka ba za ta bar baƙin tabo da ake hangowa daga nesa. Ka ciro abinka, sake bi da na'ura ko akwai saura, juye ƙasar ciki, mai da murfin, taka da diddige, ka goge ciyawar da hannu ta miƙe. In ka ja da baya taku biyar kana iya gane wurin, aikin bai yi ba.

Abin da ke ɓata aiki sanannu ne. Yanka marar zurfi yana datse saiwa, bayan kwana kaɗan wurin ya zama da'ira rawaya. Yanka zagaye da aka cire gaba ɗaya, injin yankan ciyawa yana tsotso shi, ko dila ya zo da dare ya ture shi yana neman tsutsa, da safe a tarar da rami a buɗe a ce kai ne. Lokacin zafi, in an kwana biyu ba ruwa ƙasa ta bushe, kome gwanintarka ciyawar ba za ta kama ba. A bar tono sai kaka ko bayan hunturu, lokacin da ƙasa ke da laima. In ƙarar ta yi tsawo a layi ɗaya tana bin hanya, bututu ne ko wayar wuta, wuce abinka.

A kula da wuƙar tono mai haƙora da ake sayarwa tare da na'urori. Dokar 1988 ta hana riƙe abu mai kaifi a bainar jama'a ba tare da dalili mai ƙarfi ba, in ban da ƙaramar wuƙa mai naɗewa da kaifinta bai wuce inci 3 ba. Takardar izininka ita ce dalilinka. Ajiye wuƙar cikin jaka a hanyar zuwa da dawowa, kada a rataye ta a ƙugu a shiga bas.

Ranar da aka dace

Malamai sun karantar da mu hukuncin rikazi, dukiyar da mutanen da suka binne. Ingila ma tana da nata, dokar 1996. Abin da ta kira dukiyar binne ya haɗa da duk abin da ba tsabar kuɗi ba da ya kai shekara 300 kuma aƙalla kashi 10 cikin 100 nasa zinariya ne ko azurfa, da tsabar zinariya ko azurfa biyu ko fiye masu wannan shekaru da aka samu wuri guda, da tsabar tagulla da makamantanta 10 ko fiye. Daga Yulin 2023 an ƙara wani rukuni: abin ƙarfe da ya kai shekara 200 kuma yake da muhimmanci na musamman ga tarihi, ko da babu zinariya a jikinsa. Kana da kwana 14 daga lokacin da ka samu, ko ka gane abin da ka samu, ka sanar da jami'in shari'a na yankin da ake kira coroner. A aikace jami'in karɓar rahoton kayan tarihi ne ke cika takardun tare da kai. Ƙin sanarwa na iya jawo ɗaurin wata 3 ko tara.

In gidan tarihi yana so, kwamiti ne zai yi masa kuɗi, a biya lada, wanda bisa al'ada ake rabawa biyu tsakanin mai samu da mai fili. Haka aka yi da tarin zinariyar Staffordshire da aka samu a gona a 2009, wanda aka yi wa kuɗi sama da fam miliyan 3. Wanda ya tono ba da izini ba, ana iya rage ladansa ko a hana shi baki ɗaya. Mutum biyu da suka samu tarin dukiyar zamanin Vikings kusa da Leominster a 2015 suka ɓoye suna sayarwa a bayan fage, a 2019 aka yanke musu shekara 10 da shekara 8 da rabi, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage. Gani ga wane.

Kada ka wanke, kada ka goge, kada ka miƙe abin da ya lanƙwashe. Ɗauki hoto yana cikin rami, rubuta lambar taswira ta wurin, aƙalla mai lamba 6, wadda ke nuna fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, ko da yake waya tana ba da mai lamba 10. In ka ga abubuwa sun fara fitowa a cunkushe, ko bakin tukunya, dakata nan take, rufe, ka kira jami'in da mai fili, domin yadda kayan suke kwance yana gaya wa masana abin da kayan kansu ba za su faɗa ba. Ƙashin mutum ko abin da ya yi kama da bam ko harsashi, kada ka taɓa, matsa nesa ka kira 'yan sanda.

In an ce a'a

Bakin teku ya fi sauƙi. Kusan rabin gaɓar da ruwa ke rufewa ya janye tana hannun hukumar kula da kadarorin masarauta, Crown Estate, wadda ta yarje a yi amfani da na'ura ba sai da takarda ba, muddin an bi sharuɗɗanta, kuma tana da taswirar da ke nuna nata yankin. Busasshen yashin da ke sama da inda ruwa ke kaiwa sau da yawa na ƙaramar hukuma ne ko na wani, sai an sake tambaya. Abin da ya fito daga jirgin da ya nutse ana kai rahotonsa ga jami'in gwamnati mai kula da irin waɗannan kaya, wato Receiver of Wreck, cikin kwana 28. Gaɓar kogin Thames a Landan ba ta cikin wannan sauƙi, sai da takardar hukumar tashar jiragen ruwa ta Landan, wadda aka taƙaita yawanta har ana bin layi.

Sauran hanyar ita ce shiga kulob. Yawancinsu suna da gonakin da suka riga suka yi yarjejeniya da masu su, ana fita tare ranar Lahadi a kan ɗan kuɗi, kuma tsofaffin ciki sun san wace majalisa ce ke amsa wasiƙa. Duk bayanin nan na Ingila da Wales ne. A Scotland duk kayan tarihin da aka tono, na zinariya ne ko na dalma, sai an kai rahoto domin masarauta na da haƙƙi a kansa, a Ireland ta Arewa kuwa tono don neman kayan tarihi sai da lasisin gwamnati ko da mai fili ya yarda.